Wace kalma za mu sa wa riƙon babba mai rauni?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ina aikin lafiya a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma an nemi in bayyana wa masu unguwanni wani tsari da ake kira Shared Lives a Ingila. Tsarin shi ne a ɗauki babban mutum mai rauni, kamar tsohuwar da ta fara rikicewa ko mai taɓin hankali ko mai larurar da ta hana shi zama shi kaɗai, a haɗa shi da wani iyali ya zauna cikinsu kamar ɗan gida, hukuma na biyan mai gidan tana kuma bibiya.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "riƙo". Mun san ɗan riƙo, mun san mariƙi. Amma riƙo a wurinmu na yaro ne: iyaye su yanke shawara, a miƙa shi ga gwaggo ko kawu, ba a tambaye shi ba. Mutum mai shekara 50 da gemunsa, ka kira shi ɗan riƙo, ka rage masa daraja tun kafin ya shiga gidan. A tsarin can kuwa sai an haɗa su sun ga juna, ya ziyarci gidan, ya ce ya yarda.

Wani malaminmu ya kawo "kafala". Asalinta mai kyau ne, amma duk wanda ya yi aikatau a Saudiyya ya san abin da kunnen mutanenmu ke ji idan an ce kafili. "Jinya" kuma ta marar lafiya ce, a warke a tashi. "Gidan gajiyayyu" irin na Shahuci a Kano wani abu ne daban, gini ne na gwamnati, shi kuwa wannan cikin iyali ake yin sa.

Ni dai na tsaya a kan "zaman amana".

Zama abu ne na mutum biyu, kowa da bakin magana. Amana kuwa duk Bahaushe ya san abin da za a tambaye ka ne a kansa, duniya da lahira. Wannan tambayar ita ce zuciyar tsarin. A Ingila ana binciken tarihin mai gida wajen 'yan sanda kafin a ba shi kowa, ana horar da shi, ba a barin gida ɗaya ya ɗauki fiye da mutum 3, kuma CQC, hukumar da ke sa ido kan ayyukan lafiya da kula da masu rauni a can, wadda ta fara aiki a 2009, tana duba masu gudanar da shirin. A garin Geel na Beljiyam ɗaruruwan shekaru ke nan iyalai suna karɓar masu taɓin hankali, asibitin garin na zuwa duba su.

Mu nan tausayi ba ya mana ƙaranci, bibiya ce babu. Na taɓa shiga wani gida na tarar da dattijo a ɗakin baya kusa da turken awaki, gyambo ya ci masa ƙugu saboda ba a juya shi. Mutanen gidan ba mugaye ba ne, damina ce kowa yana gona, kuma ba wanda aka ɗora wa ya leƙo. Ba mu manta gidajen marin da aka bankaɗo a 2019 ba, mutane da sarƙa a ƙafa, yawancinsu 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma kafin ta iso ƙauye sai an faɗe ta da harshen da dagaci zai maimaita.

Saboda haka zan ce wa mai gidan "mai amana", wanda aka kawo "ɗan gida" ko "'yar gida". Na guji "abokiyar zama" don kishiya take nufi. Ƙa'idojin inganci da kariya su zama "sharuɗɗan amana": ɗakinsa, abincinsa, maganinsa a kan lokaci, kuɗinsa a hannunsa ko a rubuce, ba duka ba ɗauri.

Sunan wanda zai riƙa zuwa dubawa ne ya rage mini. "Mai duba gari" na tsafta ne. Mutanen Haɗeja da Gumel, me kuke ce wa irin wannan?