Neman kalma: me za mu kira Lamiaceae da Hausa?

Malamin gona, Argungu: Salamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kan manoma da makiyaya kan tsirran saura da fadama da ke raguwa, an cije a kan Lamiaceae, sunan da masana kimiyya suka ba wani dangin tsirrai. Wasu sun rubuta "dangin na'ana'a", bin sunan da Turawa suka ba shi. Ku auna mana.

Malamar kimiyyar tsirrai, Aliero: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin suna, a san me ake sa wa suna. Alamominsa huɗu ne. Ka murza karan tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa huɗu. Ganye biyu-biyu suna fuskantar juna a kowace gaɓa, na sama ya gicciye na ƙasa. Furen yana da leɓe biyu, sama da ƙasa. Idan ya bushe ka leƙa cikin ƙoƙonsa, ƙwaya huɗu ƙanana ne zaune a gindi. Ƙamshin kuwa daga wani mai yake fitowa da ke cikin gashin ganyen. Dangin ya kai kimanin nau'i 7,000 a duniya. Tsohon sunansa Labiatae, daga kalmar Latin ta leɓe, saboda haka ina ba da shawarar "masu leɓe".

Mai maganin gargajiya, Zuru: Malama, Allah ya ƙara sani, amma "masu leɓe" zai sa a yi dariya a kasuwa kafin a saurari bayani. Na'ana'a kuma baƙuwa ce, sunanta ma na Larabci ne, a lambu take zama sai an yi mata ban ruwa. Makiyayi ba ya cin karo da ita a daji. Ɗoɗɗoya fa? Ba gidan da ba a san ta ba, ana miya da ita, ana dafa ta don ciwon ciki, kuma duk alamomin nan huɗu tana da su.

Malamar kimiyyar tsirrai, Aliero: Baba, na janye, har da wani dalilin. Ƙuduji da ke kashe dawa da gero furensa leɓe biyu ne, karansa ma da kusurwa, amma danginsa daban. Riɗi ma haka. Abin da ya raba su shi ne iri: su kwanso suke yi mai 'ya'ya da yawa, namu ƙwaya huɗu. Leɓe kaɗai zai jawo mana baƙi.

Jami'in gandun daji, Yawuri: Wani ya kawo "masu ƙamshi", wannan ma bai tsaya ba. Kajiji na da ƙamshi, ba ya ciki. Ɗinya kuwa masana sun dawo da ita cikin dangin nan, ita da malaina da ake dasawa a gandu, ga su itatuwa riƙaƙƙu. Ina bayan "dangin ɗoɗɗoya", da sharaɗin a rubuta a takardar cewa dangi ba kamanni ba ne, asali ne.

Malamin gona, Argungu: To ya za a yi da tumuku da rizga? Manomi zai ce waɗannan ai 'yan uwan dankali ne.

Malamar kimiyyar tsirrai, Aliero: A nuna masa karan. Tumuku kusurwa huɗu ne, ganye biyu-biyu, saiwar ce kawai ta kumbura. Turawa ma dankalin Hausa suke ce masa. A 2019 aka sake tsara rukuninsu, tumuku ya koma Coleus rotundifolius, rizga da aka fi nomawa a Filato ta koma Coleus esculentus. Wannan ma hujja ce tamu: sunan Latin na sauyawa, tumuku na nan tumuku. Shi ba a adana shi da ƙwaya, sai da 'ya'yan saiwar. A ware lafiyayyu bayan wata biyar zuwa shida da shuka, a binne cikin busasshen yashi a inuwa. Wanda fartanya ta yanka shi ke fara ruɓewa ya shafi sauran. A kan kunya ake shuka shi, don ruwa in ya kwanta masa ya gama.

Jami'in gandun daji, Yawuri: Na daji kuwa abin da ke cin su wutar rani ce da kiwo kafin iri ya nuna. A tara iri lokacin da ƙoƙon furen ya yi ruwan ƙasa, wajen kaka. A ɗiba daga gindi kamar 50 masu nisa da juna, kar a wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya nuna, saura a bar wa ƙasa. A shanya a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta wuri da rana. Wanda aka rufe da danshi fumfuna zai yi. Kuma a yi hattara, ba duk ɗan dangin ne abin tattali ba. Wanda wasu ke kira ɗoɗɗoyar daji, mai shuɗin fure da ke cika bakin hanya da burtali, asalinsa nahiyar Amurka ne. Shanu ba sa cinsa, yana danne haki. Shi cirewa ake yi kafin ya yi fure.

Mai maganin gargajiya, Zuru: Saura rubutu. Wasu na cewa ɗaɗɗoya.

Malamin gona, Argungu: Duka biyun ana faɗa, Baba. Za a rubuta "dangin ɗoɗɗoya", a ambaci ɗaɗɗoya sau ɗaya a farkon takarda, a sa Lamiaceae kusa da shi don ɗalibai. A shafi na biyu za a zana kara, ganye, fure da ƙwaya huɗun, a ajiye hoton ƙuduji a gefe don a ga bambanci.