Dan Allah yaya ake goge tsohon saiti a telekomand mai haɗa tele da ampli da dekoda?

Baban Hajara, Garwa:
Slm jama'a. Ƙanena da ke Faransa ya aiko mun da kayan kallo na hannu, ampli da lasifika biyar, a cikin kwalin har da telekomand ɗin One For All irin wanda ake saita shi ya riƙe na'ura da yawa. To matsalar ita ce wanda ya riƙe shi a can ya riga ya cusa masa nasa saitin, in na danna maɓallin wuta sai tele ta kunnu ampli kuma ya mutu, maɓallin ƙara murya baya taɓa komai, ga yara sun zo sun daddanna shi sun ƙara rikita shi. Na cire pil na bar shi ya kwana har ya wuni ina zaton zai manta, na mayar, yana nan yadda yake. Babu takardarsa a kwalin. Ni dai so nake ya koma kamar sabo in fara daga farko, wlh na gaji da jera telekomand uku a kan tabarma duk lokacin da za mu kalli wasan Coton Sport. Wanda ya sani ya taimaka.

Mai gyaran rediyo, Marwa:
Wslm Alhaji. Cire pil ba zai yi ba ko shekara zai yi a haka, irin waɗannan suna ajiye saitinsu ne a wani ɗan guntun ma'aji da baya buƙatar wuta, da gangan aka yi shi haka don kar mutum ya rasa aikinsa duk sanda ya canza pil.

Amma kafin ka goge komai ka tsaya tukuna. Ka ce tele tana kunnuwa, ke nan lambar telen, wato wadda ake buga wa telekomand ya gane irin telen, daidai take a ciki, kar ka zubar da ita a banza. Nemi maɓallin da aka rubuta MAGIC, a wasu tsofaffin SETUP ne ko SET. Danna TV, sannan ka riƙe MAGIC har ƴar fitilar ta ƙyafta sau biyu, ka buga 990. Danna 1 ka ƙirga ƙyaftawa nawa ta yi, wannan ita ce lamba ta farko, danna 2 ka ƙirga, haka 3 da 4. In bata ƙyafta ba sam to sifiri ne. Rubuta a takarda. Ka yi wa ampli ma haka.

Sai gogewa, iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su. A yawancinsu 980 tana share abubuwan da aka ƙara ne kawai, wato maɓallan da aka koya masa daga wani telekomand da jerin umarnin da aka ɗaura a maɓalli guda, lambobin na'urori kuma ta bar su. Abin da ka bayyana na tele ta kunnu ampli ya mutu, jerin umarni ne mai shi na da ya ɗaura, yana aika sigina ɗaya bayan ɗaya, in ampli a kunne yake sai ya kashe shi. Ita kuwa 981 share fage take yi gaba ɗaya, riƙe MAGIC, ƙyaftawa biyu, 981, fitila ta ƙyafta sau huɗu, shi ke nan ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ni shawarata fara da 980, in bai gyaru ba ka kai ga 981.

Maman Yusra, Injamena:
Baban Hajara kafin ka wahalar da kanka duba ko maɓallin muryar ma yana da rai. Buɗe kyamarar waya ka saita kan telekomand ɗin gare ta ka danna, in yana aiki za ka ga ɗan haske yana walƙiya a allon wayar wanda ido baya gani, wasu wayoyin kyamarar gaba ce ke nunawa. Mu nan da zafin watan Afrilu pil ya taɓa fashewa a cikin namu ruwan ya ci ƙarfen, muka yi ta zargin saiti ashe tsatsa ce da ƙura. Namu Harmony ne na Logitech, shi babu zancen buga lamba, da kwamfuta ko waya ake saita shi, irin wanda ke zuwa da ɗan akwati kuma, in za ka goge shi sai ka zare wutar akwatin ka riƙe maɓallin da ke bayansa sannan ka mayar da wutar. Tun 2021 suka daina ƙera su shi ya sa nake lallaɓa nawa.

Ɗan Kusiri:
kawu da ni ne kai da na shiga kasuwa na sayi ɗan China mai arha na huta, duk wannan ƙirge ƙirgen na mene ne

Mai gyaran rediyo, Marwa:
Ɗana, mai arhan zai kunna masa tele da dekoda, amma da wuya ya san ampli, kuma da yawansu basa koyo. Wanda ke hannun Alhaji in mai koyo ne ka ɗora masa kowane maɓalli daga telekomand na asali, ban ga dalilin jefar da shi ba. Hajiya kuma ta yi gaskiya, a duba da kyamara tukuna, a sa sabbin pil kafin a fara don in sun yi sanyi koyon baya kamawa.

Baban Hajara, Garwa:
Alhamdulillahi, Allah ya saka da alheri malam, Hajiya ke ma na gode. Kyamara ta nuna haske a duk maɓallan. Na ciro lambobin da 990 na rubuta a bayan kalanda, na buga 980 rikicin wutar ya tafi amma murya shiru, sai na yi 981 na mayar da lambar tele da ta ampli da hannu, yanzu duka biyun suna amsawa. Saura dekodar Canal+, na gwada lambobin da na samu a intanet babu wadda ta kama.

Mai gyaran rediyo, Marwa:
Madalla. Dekodar koya masa za ka yi. Ajiye su biyun a kan tebur baki da baki, tazarar yatsa biyu, ba a cikin rana ba. Riƙe MAGIC, 975, danna maɓallin na'urar da kake so dekodar ta zauna a kai, danna maɓallin da za a koya wa, fitila za ta fara ƙyafƙyaftawa da sauri, sai ka danna takwaransa a telekomand ɗin dekodar. Ƙyaftawa biyu ya kama, doguwa guda ɗaya bai kama ba sake. In ka gama duka riƙe MAGIC ya ajiye. Wanda ka yi kuskure a kansa 976 ce ke cire shi shi kaɗai, ka danna maɓallin sau biyu. Fara da maɓallan lambobi da na canza tasha da OK, don ma'ajin yana cika, in ya fara ƙin karɓa ka faɗa mun samfurin da ke rubuce a cikin murfin pil.