Mu da muke bayan inda kwalta ta ƙare: wane aiki ne ya iso garinku har ya zauna?

Ɗan Gure: Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya na ji a rediyo ana sake maganar raya yankunan da ke nesa da Yamai, abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma mu da muke arewacin Gure, Damagaram ɗin ma nesa take gare mu. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba abin da aka ce masa ba. Ni a garinmu an haƙa rijiyar zamani mai aiki da hasken rana, muka yi murna, mata suka huta da guga. Bayan shekara biyu injin ya tsaya. Mai gyara yana birni, kuɗin motar da za ta kawo shi cikin rairayi ya fi kuɗin gyaran. Yanzu awaki ke kwana a inuwar tankin.

Ungozoma daga Tasker: Wa alaikumus salam ɗana. Rijiyarku tamkar ɗakin shan maganinmu ce. Gini yana nan da fenti mai kyau, amma ma'aikacin da aka turo bai cika wata shida ba ya nemi a mayar da shi birni. Ban ga laifinsa ba: babu gidan da zai zauna, babu lakwal ɗin da zai sa ƴaƴansa, waya ma sai ya hau tudu kafin ya samu rezo. Daga Tasker zuwa Gure babu kwalta. Na taɓa raka mace mai doguwar naƙuda a bayan mota, tun la'asar har asuba muna tono taya daga yashi. Allah ya sa ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, da tiyatar haihuwa, kuma doka ce mai kyau. Sai dai wanda ya isa asibiti ne yake cin moriyarta.

Manomi daga Dungas: Allah ya ba uwar haƙuri, Inna. Mu a kudu ruwa yana kusa, rake da tumatir da albasa muna samu. Da damina hanya ta yanke, sai ɗan kasuwa ya zo har gona ya faɗi kuɗin da ya ga dama, don ya san in ka ƙi, kayan ruɓewa za su yi. Najeriya ta fi mana kusa da Damagaram, can muke kai kaya, in naira ta faɗi mu faɗi tare da ita.

Malamin lakwal, Tanut: Abin da ke ci mini rai shi ne arzikin a ƙasarmu yake bi. Tun 2011 matatar mai ta Bakin Birji take aiki, ganga 20,000 a rana, ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga rijiyoyin mai na Agadem. Doka ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin mai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙo shi. Ya kamata talaka ya san nawa ya shigo da inda aka sa shi, a karanta a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Ni dai ajin zana nake koyarwa, kowace shekara sai an gama girbi iyaye su kawo kara mu sake kafawa, wata biyu na karatu ya tafi ke nan.

Ƴar Kance: Malam, ka taɓo inda ke mini ciwo. A 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankinmu. Ba son yawo ya fitar da su ba, gona ce ta yi ƙanƙanta, rani kuma babu aiki. Amma zan faɗi abu ɗaya da ya zauna: lambun rani na ƙungiyar matanmu. Kafin waɗanda suka kawo aikin su tafi an koya wa matasa biyu na garin gyaran famfon lambun, kowace mace tana zuba dala ashirin a asusu duk sati. Shekara shida ke nan bai taɓa kwana uku a tsaye ba.

Ɗan Gure: Yaya, don Allah ki tambayar mini matasan nan ko ɗayansu zai yarda ya zo ya duba injinmu bayan girbi. Kuɗin mota da masauki a kanmu, kuma za mu ba shi yara biyu ya koya musu.