Kudan zuma ne ya harbe ni ko rina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina kwashe shanya wani ƙwaro mai ratsin rawaya da baƙi ya harbe ni a wuya har sau biyu, ya tashi abinsa. Na ce kudan zuma ne, ƙanena ya dage rina ce. Don Allah wanda ya taɓa shan irin wannan ya faɗa mana yadda ya gane.

Mai amya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙanenki ne da gaskiya. Na daɗe ina kiwon zuma, harbin da na sha ba ya ƙirguwa. Ƙarin kudan zuma ƙayoyi gare shi, in ya shiga fatar mutum ba ya fitowa. Yana fizgar jiki sai ƙarin ya tsinke tare da wani ɓangare na cikinsa, ya je ya mutu. Na rina kuwa santsi gare shi, tana zarewa ta ƙara. In kin ga ƙari a maƙale, ki kankare shi da farce nan take, don dafi yana ci gaba da shiga.

Maƙwabciya: Ni ta gidajensu na gane su. Na rinar da ta ɗaure mana a ƙarƙashin rufi kamar takarda yake, itace take tauna ta gina shi. Zanzaro kuma da laka ya gina a kusurwar ɗaki. Da ya fashe na ga tsutsotsi a ciki, na tsorata, ashe abincin 'ya'yansa ne ya sumar ya ajiye.

Ɗalibin kimiyya: Haka ne Hajiya. A aji mun duba su da madubi mai ƙara girma. Kudan zuma jikinsa duk gashi, garin fure maƙale a ƙafafunsa na baya. Rina sumul take, ƙugu siriri. Masana sun sa su rukuni ɗaya da tururuwa, mai suna Hymenoptera, kuma dangin kudan zuma kusan iri 20,000 ne, yawancinsu ba sa tara zuma. Akwai ma ƙuda mai kwaikwayon launinsu, fiffikensa biyu maimakon huɗu, ba ya harbi.

Mai amya: 'Yar'uwa, tunda a wuya ne, ki lura. In numfashi ya fara yi miki wuya ko fuska ta kumbura, asibiti maza, ko wanne ne ya harbe ki.

Mai tambaya: Na gode Baba. Kumburin ya fara sacewa, kuma na leƙa bayan tankin ruwa na ga gidan, irin na takardar nan.