Ɗana ya nace sai an saya masa 'yar tsana, babansu ya ce ba a gidansa ba

Maman Tagwaye

Assalamu alaikum iyaye, dan Allah shawara nake nema kuma kar a min dariya. Ina da tagwaye mace da namiji, saura wata biyu su cika shekara huɗu. Satin da ya wuce na shiga kanti da su zan saya musu kayan wasa, tun daga ƙofa kayan a rabe suke gida biyu, gefe ɗaya duk ruwan hoda, 'yan tsana da 'yan tukwane da madubi da kayan kwalliya na roba, ɗaya gefen kuma shuɗi da ja da baƙi, motoci da bindigogi da jirage da su Lego, ƙananan bulo na roba da yara ke haɗawa su yi gini. Ni ban ma yi wani tunani ba hannuna ne kawai ya kai, na ɗauko wa macen 'yar tsana na ɗauko wa namijin mota. Muna zuwa wajen biya yaron nan ya dire motar a ƙasa wai shi ma jariri yake so irin na 'yar'uwarsa. Na ce a'a wannan na mata ne, sai ya ɗago ya kalle ni ya ce waye ya ce? Wallahi na rasa amsa, na dai ja hannunsa muka fita yana kuka.

To tun ranar in ta yi barci sai ya lallaɓa ya ɗauke 'yar tsanar, ya lulluɓe ta da tawul, yana jijjiga ta yana cewa ta yi shiru. Ita kuma macen ta ƙwace motar tana tura ta ƙarƙashin kujeru, kuma abun da ya ɗaure min kai, babansu da ya gan ta da mota dariya ya yi har da cewa wannan injiniya ce, amma da ya ga namijin da 'yar tsana nan take ya haɗe rai ya ce kar na lalata masa yaro. Ni kaina ba zan ɓoye muku ba raina bai kwanta ba, amma in aka tambaye ni dalili ba ni da shi. In saya masa tasa ne ko in bar shi ya manta?

Baban Uku

Wa alaikumus salam. Maman Tagwaye Allah ya raya su. Ni dai a matsayina na uba na fahimci maigidanki, kar ki ga laifinsa. Ina da maza biyu da mace ɗaya kuma ba wanda ya koya wa mazan nan son mota, babban tun bai iya magana ba in ya ga abu mai taya sai ya bi shi da rarrafe, ko murfin kwalba ya samu sai ya mayar da shi mota yana vuuum da baki. Akwai halitta a ciki, ba komai ba ne za a ce iyaye ne suka cusa. Na taɓa karanta wani gwaji da aka yi a Amurka a 2008, aka zuba wa birai kayan wasa, masu taya da kuma masu laushi irin na runguma, mazan birai suka fi zuwa wajen masu taya. Biri ya taɓa kallon talla a talabijin ne? Shawarata ki ɗauke masa hankali da kwallo ko keke, nan da sati biyu ya manta.

Malamar Nazare

Baban Uku sannu da ƙoƙari, amma ka karanto rabin labarin ka bar rabi. A wannan gwajin na birai, matan ba su ware wani abu ɗaya ba, sun yi wasa da masu tayar sun yi da masu laushin. Kuma ni ban musa cewa akwai halitta ba, masana da yawa sun yarda sinadaran jiki tun a ciki suna da ɗan tasiri a kan irin wasan da yaro ke so. Amma wannan maganar jimilla ce, in an tara yara da yawa an duba inda aka fi karkata, ba ta ce kowane namiji sai mota kowace mace sai 'yar tsana ba. Kaman a ce maza sun fi mata tsayi, ai ba ya hana ka ga mace ta fi mijinta tsayi kuma ba wanda zai ce ba ta da lafiya.

Shekarata tara ina koyar da 'yan shekara uku zuwa biyar. Abin da nake gani kullum shi ne 'yan shekara uku ba ruwansu, namiji zai zauna a kusurwar girki ya dafa min shayin ƙarya ya kawo, mace za ta gina doguwar hasumiya da bulo ta rushe tana ihu. Daga shekara huɗu zuwa biyar sai su zama 'yan sandan juna, sai ka ji wani ya ce kai wannan na mata ne, yaron ya saki abin kaman ya taɓa wuta. Kuma in ka bi diddigi daga bakin babba suka ji.

Mu manya ba ma sanin muna yi ne. A 1978 a Ingila an yi wani gwaji, aka ɗauko jarirai 'yan wata shida, wani lokaci a sa wa jariri kayan maza a kira shi da sunan maza, wani lokaci a sa masa na mata, sai a ba wata uwa da ba ta san shi ba a ce ta yi wasa da shi. In suna zaton namiji ne sai su fi zuga shi ya motsa jiki, in suna zaton mace ce hannu ya fi kaiwa ga 'yar tsana, alhali jaririn ɗaya ne, riga kawai aka canza. Wata shida fa, bai ma iya magana ba balle ya zaɓa.

Ni abin da ya fi damuna ma ba namiji da 'yar tsana ba ne, 'yan matan da ke zuwa ajina ba su taɓa riƙe bulo ko wasan haɗa hoto ba. Irin waɗannan wasannin su ke koya wa yaro gane siffa da girma, wanne zai shiga ina, in na juya shi yaya zai koma, kuma wannan na taimakawa a lissafi daga baya. Sai yarinya ta zo duk kayan wasanta na taje gashi ne da shafa jan baki, in ta sha wahala a ce ai mata ba su da kan lissafi. Haka shi ma namijin da bai taɓa lallashin komai ba sai harbi da karo, ranar da aka haifa masa ƙani bai san yadda ake taɓa jariri a hankali ba. Maman Tagwaye ɗanki kwaikwayonki yake yi, ya ga yadda kike kula da su ne, ni ban ga abin tsoro a nan ba.

Baban Uku

Malama na ji, kuma maganar lissafin nan ta shige ni don 'yata ban taɓa saya mata Lego ba sai yayyenta. Amma ki yi min adalci, yaro ba a gida kaɗai yake rayuwa ba. Ranar da abokansa suka gan shi da 'yar tsana suka sa shi a gaba da tsokana, ke za ki je ki tare masa? Uba ba wai ƙin abin yake don kansa ba, gudun abin da zai biyo baya yake.

Mai Bin Diddigi

Ku bari in shigo da wani gefen da ba a taɓa ba, tambayar da yaron ya yi, waye ya ce. Amsar mafi yawanta ita ce masu sayarwa ne suka ce.

Ku ɗauki launi kawai. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan jarirai a Amurka ta rubuta cewa ruwan hoda na maza ne don ya fi ƙarfi, shuɗi kuma na mata don ya fi sanyi. Akasin abin da muke rantsuwa a kai yau kenan. Sai wajen shekarun 1940 abin ya fara juyawa, ya zo ya kafu sosai a shekarun 1980 lokacin da sikanin ya yawaita, iyaye suna sanin abin da za su haifa tun kafin haihuwa, kamfanoni suka samu hanyar sayar musu da komai kala guda.

Akwai wata masaniyar zamantakewa Elizabeth Sweet da ta zauna ta bi tsofaffin kundin tallan kantin Sears na Amurka shekara da shekaru. Ta samu cewa a 1975 kayan wasan da aka tallata ƙarara a matsayin na maza ko na mata ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, amma zuwa 1995 sun kai kusan rabi. Halittar yara ce ta canza cikin shekara ashirin? A tsakanin nan, a 1984, aka sassauta dokar shirye-shiryen yara a talabijin a Amurka, sai katun ya zama talla mai tsawon rabin awa, wannan na maza wancan na mata, kowanne da kayan wasansa a kanti. Lissafin mai sauƙi ne, in keke ɗaya zai yi wa wa da ƙanwa, sau ɗaya za a saya, in an fenta ɗaya shuɗi ɗaya ruwan hoda sai an sayi biyu. Maman Tagwaye ke ce ma irin kwastoman da suke mafarki.

Abin dariya kuma Baban Uku, maza sun daɗe suna wasa da 'yar tsana, suna kawai aka canza mata. 'Yar tsanar Barbie ta fito 1959 ta yi kasuwa, kamfanin Hasbro ya ga kuɗi, a 1964 ya fito da G.I. Joe, mutum ne na roba da ake canza wa kaya da takalmi sak yadda ake yi wa Barbie, amma suka hana a kira shi 'yar tsana, suka ƙirƙiro masa wani suna daban don sun san iyaye maza ba za su saya ba. Duk sojojin roban da ke ɗakin 'ya'yanka 'yan tsana ne masu bindiga, ka yi haƙuri.

Lego ma a 1981 tallansu yarinya ce sanye da wandon jins riƙe da abin da ta gina da bulo kala-kala, ba ruwan hoda ko ɗigo. A 2012 suka fito da Lego Friends musamman don 'yan mata, aka yi ta surutu, amma ya sayu sosai, wannan kam gaskiya ce dole a faɗa, sai a 2021 suka ce za su daina ware kayansu na maza da na mata. Kantin Target na Amurka ya cire allunan maza da mata daga layin kayan wasa a 2015, jihar Kalifoniya kuma ta yi doka da ta fara aiki a 2024 cewa manyan kantuna sai sun ware wani sashe da ba a ce na wane jinsi ba ne. Ban ce don Allah suke yi ba, su ma inda iska ta kaɗa suke bi.

Kakar Yara

'Yata ni ban iya dogon bayani irin nasu ba. Na raini shida, jikoki kuma ban ƙirga ba. Wanda ya fi kowa son wasan girki a cikin 'ya'yana maza yau shi ke tuƙa babbar mota, kuma da matarsa ta kwanta asibiti shi ya riƙe yaransa wata guda ba wanda ya rame. Abin da zan ce miki kawai kar ki yi abin a ɓoye wa mijinki, kuma kar ki kunyata yaron a gaban mutane, yaro na manta abin wasa amma ba ya manta ranar da aka yi masa dariya. Ki samu babansu lokacin da ransa ke sanyi ki tambaye shi shi me yake tsoro, ki bar shi ya faɗa da bakinsa.

Malamar Nazare

Baban Uku maganar tsokana gaskiya ce ba zan ce ƙarya ba ne, ina ganinta a aji. Amma ka lura mace mai wasa da mota ba a tsokanarta, yabonta ake, namiji ne kawai in ya taɓa kayan mata ake ganin ya faɗo, wato mu da kanmu mun ɗauka abin mata ƙasa yake da na maza, kuma 'yan matan suna ji suna gani. Abin da nake ba iyaye shawara shi ne a daina cewa wannan naki wannan naka, a zuba komai a kwando ɗaya, bulo da mota da 'yar tsana da tukwane da kayan likita, kowa ya ɗauki abin da ransa ke so. In 'yar tsana mai kwalliya ce ke tayar wa uba hankali akwai jariri na roba mara kwalliya, akwai teddi, duk aikin ɗaya suke yi. In za a fita waje kuma yaro ya ga dama ya bar ta a gida, wannan zaɓinsa ne, su ma suna da wayo fiye da yadda muke zato.

Maman Tagwaye

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Mama na bi shawararki. Jiya da daddare bayan sun yi barci na tambayi babansu me yake tsoro, ya yi shiru ya ce shi dai ba ya so a raina masa yaro. Na ce to kai da kake tashi tsakar dare kana jijjiga su lokacin suna jarirai wa ya raina ka? Ya yi dariya ya ce wannan daban. Na karanta masa maganar sojan roba, ya ce Mai Bin Diddigi ɗan neman rigima ne.

Ba mu gama daidaitawa ba gaskiya. Ya yarda da kwando ɗaya, ya yarda a sayo teddi da kayan likita, 'yar tsana ta biyu kam ya ce a dakata tukuna. Ni kuma na lura da safen nan ashe duk Lego ɗin da ke gidan a ɗakin namijin nake ajiye su, ni da hannuna, na kwaso na zube a falo. Yanzu haka macen ta gina wani abu wai gareji ne, namijin ya kwantar da 'yar tsanar a ciki wai asibiti ne, suna ta faɗa a kan ko motar za ta shiga.