Neman shawara: yaya zan sa ƙaramin layin dogona ya tsufa kamar na Achimota?

Ɗan Mamobi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kafin in taɓa abin da ba zai gyaru ba.

Ina haɗa ƙaramin layin dogo na ado a kan falanki a ɗakina, sikelin HO, wanda ake rage komai sau 87. Layin na kamfanin Peco ne, wani ɗan'uwa ya aiko mini daga Ingila tare da kan jirgi da taragu. Na shimfiɗa, na ja waya, jirgi yana tafiya lafiya lau. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kamanninsa. Ƙarfen yana ta ƙyalli, katakon ƙarƙashinsa baƙar roba ce wuluk, tsakuwar da aka haɗo mini da ita kuma fari-fari ce tas. Ni kuwa layin da na taso ina gani nake so, wanda ya tashi daga Kantamanto a Accra, Ghana, ya bi ta Achimota da Dome ya nufi Nsawam, da jar ƙurarsa da ciyawarsa.

Na samu ƙaramar bindigar feshi, eyaburosh, mai baki milimita 0.3, da ɗan kwamfuresa. Ban zuba tsakuwa ba tukuna. To, fenti zan fara ko tsakuwa? Wane launi? Kuma tunda ta cikin ƙarfen nan lantarki ke bi ya shiga injin, fenti ba zai kashe mini jirgi ba? Allah ya saka da alheri.

Mai Fenti na Suame:
Wa alaikumus salam ƙanena. Aikina feshin mota ne a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma ina taɓa ƙananan jiragen nan da dare. Ka yi dabara da ka tambaya tun tsakuwa tana cikin leda.

Fenti ake fara yi. Ka fesa ƙarfe da katako duka da launi ɗaya mai duhu, ka bari ya bushe, ka zuba tsakuwa ka manna ta, sannan daga ƙarshe ka bi komai da siririn hazo na launin ƙasa don ya haɗe su. In ka fara da tsakuwa, lokacin da kake neman gefen ƙarfe sai fentin ya rina ta duka, wuri ya zama launi ɗaya babu rai.

In za ka iya samun fentin kamfanin Tamiya, XF-64 da XF-52 da ɗan XF-1 sun ishe ka: ja mai duhu, launin ƙasa, da baƙi. Duk wanda lambarsa ta fara da XF ba ya sheƙi, shi kake so. Ka tsinka shi da X-20A har ya yi ruwa-ruwa kamar shayi mai madara. Iska kada ta wuce PSI 15 zuwa 20 a agogon kwamfuresa. Ka riƙe bindigar nesa da layin kamar tsawon tafin hannu, ka kwantar da ita ƙasa-ƙasa ta yadda feshin zai bugi haƙarƙarin ƙarfen, ba kansa ba. Hannu ya fara tafiya kafin ka danna, kuma kada ya tsaya wuri ɗaya. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi: kada ka kusanci tinar da muke tsinka fentin mota da ita a gareji. Tana cin roba. In ta kwanta jiƙe a kan katakon layin, ƙananan haƙoran da ke riƙe ƙarfen za su yi laushi, faɗin layin ya canja, jirgi ya riƙa sauka. In kuma akwai farin soson kwalin firji a ƙarƙashin shimfiɗarka, narkar da shi za ta yi.

Baba Tsohon Reluwe, Aboabo:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da dogo. Ni ban san bindigar feshi ba, jikana ne ma ke rubuta mini wannan. Amma na ci abinci a gefen layin yamma shekaru masu yawa, kuma launinsa yana idona.

Abin da nake gani a hotunan masu wannan sana'a, suna sa tsatsa ja-wur kamar lemo. Layin da jirgi ke bi ba haka yake ba. Gefensa ruwan ƙasa ne mai duhu, kusan baƙi, domin tsatsa ta gauraya da giris da ƙurar birki. Kansa kuma fari ne sol yana walƙiya, ƙafar jirgi tana goge shi kullum. Jar tsatsar nan sai a layin gefe, inda aka ajiye tarago aka manta da shi. A can har kan ƙarfen ja ne. To in kana da layin ajiya a falankinka, shi za ka ba wa jan, babban layi ka ba shi duhu. Mai ido yana gani zai san wanne ke aiki.

Sannan layi yana cin launin abin da yake ɗauka. Daga Nsuta zuwa Takoradi, inda aka riƙa jan ma'adinin manganis, tsakuwa baƙa ce ƙirin saboda garin da ke zuba daga taragu. Reshen Awaso kuwa, na ma'adinin bokzait, ja ne. Inda kan jirgi ke tsayawa a tasha, tsakanin ƙarafa biyu za ka ga baƙin mai ya kwanta ya yi danƙo, har tsakuwar ta manne da juna. A wurin canjin layi ma haka, saboda giris da ake shafawa. A hawa kuma akan ga farin yashi kusa da ƙarfe, wanda direba ke saki don ƙafa ta kama.

Naku na gabas da kake so, ƙasa ta riga ta sha kan tsakuwarsa a wurare da yawa. Ruwan sama ya kwaso marmara ya cika tsakanin katako, mutane sun taka sun yi hanya a gefe. Kada ka jera tsakuwa tsaf kamar ta Turai. Layin ba yaro ba ne. Na Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra ya haɗu da Kumasi a 1923. Ka ba shi shekarunsa.

Ka je da kanka ka duba da safe, rana ba ta yi tsaye ba, ka ɗauki hoto kusa-kusa. Amma ka tsaya a gefe, kada ka hau layi da waya a hannu.

Ɗan Mamobi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi da launin lemon nan zan saya, shi nake gani a bidiyo. Yaya Mai Fenti, saura maganar lantarki, ita ce ta fi tsorata ni.

Mai Gyaran Waya, Circle:
Ɗan'uwa, bari in karɓi wannan. Ƙarfen layinka gaurayen tagulla ne da nikel da zinki, ba ya tsatsa, kuma ta kansa kawai ƙafar jirgi ke shan wuta. Gefe ko ka rina shi baƙi babu ruwan injin. Saboda haka aikinka shi ne kan ƙarfe ya fita tas.

Kada ka fesa layin duka sannan ka dawo gogewa. Ka fesa kamar kamu biyu, ka ajiye bindiga, ka ɗauki ɗan guntun katako mai lebur da ka naɗe da tsohuwar singileti, ka ɗiga masa sifirit, ka ja shi a kan ƙarfen sau ɗaya. Katakon ne zai hana tsumman lanƙwasawa ya cinye fentin gefe. Fentin Tamiya yana bushewa cikin 'yan mintuna, don haka kada ka tafi amsa waya. Sifirit ɗin da muke wanke allon waya da shi, aisofurofil, shi ya fi, kuma ana samunsa a Tip Toe Lane. Samfefa kuwa ka manta da ita. Tana barin ƙananan zane a kan ƙarfe, datti ya riƙa taruwa a ciki, ka dawwama kana goge layi.

Inda ake kuka shi ne wurin canjin layi. A yawancinsu, siririn harshen nan da ke motsi yana samun wuta ne ta hanyar taɓa gefen babban ƙarfe. Fenti ya shiga tsakaninsu, jirgi ya iso ya mutu. Ka yanka siririn tef na takarda ka rufe inda suke haɗuwa, ciki da waje, kafin feshi. Bayan ka cire, ka yi ta motsa harshen har fenti ya bushe. Abin da ya rage yana ƙyalli ka bi shi da ƙaramin buroshi. Haka ma mahaɗan da ke riƙe layi da layi, ruwan fenti da ruwan gam suna kutsawa cikinsu. In kana da kayan dalma, ka liƙa wa kowane gutsuren layi wayarsa tun yanzu, a ƙasan ƙarfe inda tsakuwa za ta ɓoye ta.

Malamin Lissafi, Madina:
Wani ɗan tsokaci, ba don in rage maka ƙarfi ba. Faɗin layin HO milimita 16.5 ne, wanda in ka ninka sau 87 zai ba ka babban faɗi na milimita 1,435, irin na sabon layin Tema zuwa Mpakadan da aka buɗe a 2024. Tsohon layinmu ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067, wanda a sikelinka zai kama kusan milimita 12. Ba na ce ka tumɓuke ba. Amma in ka binne katakon sosai da ƙasa, ka sa ciyawa ta matso, ido ba zai kula da faɗin ba.

Lissafin da ya fi shafarka shi ne na tsakuwa. Dutsen layi na gaske bai cika wuce santimita 3 zuwa 6 ba. Raba da 87, ƙwaya ɗaya ba za ta kai milimita ɗaya ba. Yawancin wadda ake sayarwa da sunan HO ta yi girma. In ta fi haka, nemi ta sikelin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta.

Anti Mai Kek, Nima:
Ɗana, ni da eyaburosh nake yi wa kek ado, layin dogo na maigidana ne, amma bindigarmu iri ɗaya ce. Abin da ba su faɗa maka ba shi ne laimar Accra. Kwamfuresa yana matse iska, ruwan cikinta ya taru a tiyo, kana cikin aiki sai bindiga ta yi tari ta tofa maka ɗigo a kan abin da ka gama. Ka sa ɗan kwalbar tace ruwa a bakin kwamfuresa, ka riƙa zubar da shi. Da damina ka yi aikin da rana. Da hunturu kuma matsalar ta juya, fenti yana bushewa a kan allura ko a iska kafin ya sauka, ya fito da gari-gari. Ka matso kusa kaɗan, ka ajiye audugar goge kunne a jiƙe kana share bakin allurar.

Kuma ka tabbata wane fenti ne a hannunka. In Vallejo ka samu, kada ka tsinka shi da sifirit, dunƙulewa yake ya toshe bindiga. Nasa ruwan daban ne.

Don Allah ka buɗe taga, ka sa takunkumi na masu fenti, ka fitar da yara daga ɗakin. Ko mai ruwa ne, ƙurarsa huhu take shiga.

Kawu Kafinta, Asawase:
Ni fa ban yarda sai da bindiga ake komai ba. Ƙasar da kake son kwaikwaya tana ƙofar gidanka. Na ɗebo jar ƙasa da garin dutsen kwari, na shanya, na gasa a tsohon kasko don ƙwari da danshi su fita, na tankaɗe da rariyar shayi. Babu fentin kanti da ya ba ni wannan jan. Amma dole ka bi ta da mayen ƙarfe a cikin leda. Za ka sha mamakin baƙin garin da zai ɗauko, kuma in ka bar shi, maganaɗisun da ke cikin injin jirgi ne zai jawo shi. Yashin bakin teku kada ka taɓa, gishiri ne.

Wajen mannawa, ka baza tsakuwa a bushe da cokali, ka daidaita da buroshi mai laushi, ka ƙwanƙwasa kan ƙarfe da gindin cokalin, ƙwayoyin da suka hau katako za su gangara. Ka jiƙa ta da sifirit tukuna, in ba haka ba gam zai dunƙule ya ɗaga ta. Sai farin gam namu na kafintoci, rabi gam rabi ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka ɗiɗɗiga da sirinji. Kusa da harshen canjin layi ka rage tsakuwa, gam kuma kada ya je. Ka ba shi kwana ɗaya cur, da damina biyu.

Mai Fenti na Suame:
Kawu, ban musa maka ba, ƙasa ta gaske ta fi a gefen layi da hanyar ƙafa. Sai dai in gam ya jiƙa ta takan yi duhu fiye da yadda take a bushe, kuma ba ta hawa gefen ƙarfe ko bangon tasha. Nan ne bindiga ke shigowa. Ƙanena, in komai ya bushe, ka tsinka launin ƙasa sosai, kashi ɗaya fenti kashi biyar ko fiye na ruwan tsinki, ka ɗan ƙara masa ja har ya yi kusa da ƙasar Kawu. Ka fesa daga nesa a kan layi, tsakuwa, gindin gini, har ƙafafun taragu in ka rufe inda suke shan wuta. In kana ganin fentin yana sauka, ya yi yawa. Baƙin man da Baba ya faɗa kuma, siririn zare ɗaya a tsakiya, a tasha da wurin canji kaɗai. Ka fara gwada duk wannan a kan ragowar guntun layi da ka manna a kwali.

Ɗan Mamobi:
Allah ya biya ku gaba ɗaya. Ga yadda zan yi: waya da dalma tukuna, in rufe wuraren canji, in fesa duhu, in zuba tsakuwa da ƙasar Kawu, hazo a ƙarshe. Ina da guntun layi na gwaji. Ranar Asabar zan leƙa Achimota da safe in ɗauko hoto. Baba, katakon fa, baƙi zan bar shi?

Baba Tsohon Reluwe, Aboabo:
A'a ɗana. Sabo ne yake baƙi, saboda maganin gara da ake jiƙa shi da shi. In ya sha rana sai ya koma toka-toka, ya tsattsage a tsaye. Kuma ba a canja su rana ɗaya, sai wanda ya ruɓe. Ka bi su da buroshi ɗaya-ɗaya, yawanci toka, nan da can ka bar ɗaya da duhunsa. In ka je Achimota ka duba da kyau ko akwai na ƙarfe a cikinsu, domin an yi amfani da su a layukanmu. Su launin tsatsa suke, iri ɗaya da dogon. Ka turo hoton jikana ya nuna mini.