Wai Abubakar Imam ƙirƙira ya yi ko kwafa?

Ɗan Funtuwa: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana na san za a taso min amma dole in faɗa, ni fa na daina kiran Abubakar Imam maƙirƙiri. Tun muna firamare ake ce mana babu kamar Magana Jari Ce, sai da na girma na gano ashe labaran da yawa na wasu ne, Dare Dubu da Ɗaya ne da tatsuniyoyin Jamusawa da na Indiya, Rupert East, Baturen nan na hukumar buga littattafai, ya tara masa littattafan a Zariya a 1936, shi Imam ya zauna wata shida yana juye su. To don Allah meye bambancinsa da yaran da muke zagi sun kalli fim ɗin Indiya sun mayar littafi?

Malamar Hausa: Wa alaikumussalam ƙanena. Tarihin da ka kawo haka yake, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu na cikin littafin kawai. A wajen Jamusawa kuku ce a gidan ubangidanta, tana kurɓar giya tana cinye kajin baƙo. Imam ya mayar da ita matar aure a gidan Bahaushe, ga miji mai son ya fita kunyar baƙo, ga mata kwaɗayi ya ci ƙarfinta, ta tsorata baƙon ya ruga Kalala ya bi shi da wuƙa a hannu. Shekara nawa ina karanta wa 'yan aji shi, akwai ranar da wata yarinya dariya ta kwantar da ita kan benci tana cewa wallahi malama matar maƙwabcinmu ce sak. Wanda ya kwafa ba ya iya sa yarinyar Kano ta ga maƙwabciyarta a labarin Jamus.

Ɗan Funtuwa: Na ji malama, gwanin fassara ne kenan. Ai ban ce bai iya Hausa ba.

Baban Yara: A'a malam dakata, fassara daban wannan daban. Kuma ka tsallake Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta don gasar 1933 yana ɗan shekara 22, tun kafin zaman Zariyan da kake magana. Gasar da yayansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. Wa ya ba shi Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja?

Almajirin Zaure: Baba a gafarce ni, nan ma akwai tushe. Duk wanda ya yi Maƙamatul Hariri, littafin nan na Larabci, a zaure zai gane salon, mutum biyu suna ta haɗuwa gari gari ana wa juna dabara. Amma ni wannan ƙara masa daraja ya yi a idona, ɗan gidan malamai ne ya sha littattafan Larabci sannan ya yi Kwalejin Katsina, abin da ya sha shi ya fito a alƙalaminsa. Malamanmu ma ai tahamisi suke wa waƙar wani, wato su ƙara nasu ɗangwaye a kan baitocinsa, kuma babu mai ce musu ɓarayi.

Ɗan Funtuwa: To mai tahamisi ai kowa ya san baitin wa ya ɗauka. Mu a aji ba a taɓa gaya mana labarin Sarkin Busa na Magana Jari Ce daga Turai ya zo ba, abin da ke min ciwo kenan.

Malamar Hausa: Wannan kam laifinmu ne mu masu koyarwa, na karɓa. Shi marigayin bai ɓoye ba, ya faɗi yadda aka yi aikin a tarihin rayuwarsa.

Maman Ilham: Ni a matsayina na mai ɗan taɓa rubutu abin da ya tsaya min a rai wata shidan nan ne. Magana Jari Ce littafi uku fa! Mu kullum muna cewa sai ilhama ta sauko, ni akwai labarin da na fara tun azumin bara yana nan a waya shafi na tara, in na kwantar da yara bayan isha'i na ɗauko sai in ce yau kaina ba ya ja, ko caji ya ƙare. Shi karatu yake ya cika cikinsa sannan ya zauna ya rubuta kamar mai zuwa gona, ga aku mai ba da labaran ya riƙe zaren tun daga fadar Sarki Abdurrahman har ƙarshe bai tsinke ba.

Baban Yara: Hajiya kar ki matsa wa kanki, shi aikin aka ɗauko shi daga Katsina ya yi, ba girki ba wankin yara. Kuma kin ga abin da ya biyo baya, 1939 aka ba shi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ɗan Funtuwa: Har yanzu dai ba a amsa min na yaran fim ɗin Indiya ba.

Malamar Hausa: Na amsa maka ƙanena. Kawo min ɗaya cikinsu da ya wanke labarin har ɗalibata ta rantse a unguwarsu aka yi, in ba rawa a gindin bishiya da hawan dutse aka bar mana ba, gobe zan shiga aji da littafinsa.

Ɗan Funtuwa: Akwai su malama, ki ba ni zuwa Juma'a in duba kwalin littattafan yayata.